Na tsinci Yashicar Baba a cikin adaka, yaya ake wanke fim baƙi da fari a gida?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema. Watan jiya muna kwashe kayan ɗakin mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, sai na ci karo da tsohuwar kyamara a ƙasan adaka an naɗe ta da rawani, Yashica Mat 124G, mai ido biyun nan da ake leƙawa ta sama. Na goge ta kuma komai yana bugawa lafiya lau. Wani abokina da ya dawo daga Ingila ya kawo min fim Ilford HP5 guda uku mai faɗi mai lamba 120 da magungunan wankin fim biyu, kwalbar Rodinal da fiksa, da tankin wankin fim na Paterson, har na cinye ɗaya a marinar Ƙofar Mata da kan Dala, hoto 12 cif. To na zaga Sabon Gari duk wanda na tambaya sai ya ce min ai sun daina wankin fim tun tuni, wani ma dariya ya yi min. Abu na biyu, da na buɗe bayanta na tarar da wani fim a ciki an riga an naɗe shi har ƙarshe, a jikin takardar an rubuta Verichrome Pan, ina jin Baba ne ya ɗauka bai wanke ba. Shi nake ɗokin gani wallahi, yau da dare nake so in wanke shi.

Mai Pentax Kaduna:
Wa alaikumussalam. Allah Ya gafarta wa Baba. Amma ɗan uwa tsaya, kar ka taɓa wannan tsohon fim ɗin yau, kar ka taɓa shi gobe. Ba a koyon aski a kan maraya, balle wannan guda ɗaya ne tak a duniya. Sa shi a leda ka ɗaure ka ajiye wuri mai sanyi, ka fara da naka na Ƙofar Mata wanda in ya lalace gobe ma marina tana nan.

Sarkin Musu:
Ni fa ban gane ba. Waya tana aljihunka, ka danna ka mayar da hoton baƙi da fari cikin sakan biyu, amma ka zaɓi ka shiga banɗaki da dare kana dama magani kamar boka. Wahala dai ba ta kashe ɗan Najeriya.

Ɗan Fagge:
Sarkin Musu to fim ɗin Baban fa, a wace wayar zan danna shi?

Baba Mai Hoto:
Ɗana barka da wannan tsintuwa. Ni na yi yaron shago a wani sutudiyo a Sabon Gari tun wajen 1974, shekara goma sha ina cikin ɗakin duhu. Mu ba mu san wani tanki ba, tasa uku ce a jere, ka kama bakin fim da hannu biyu kana ɗaga wannan kana sauke wancan yana ratsa maganin, kana ƙirge da baki. Ta farko dibelofa mai fito da hoton, ta biyu ruwa, ta uku haifo, wato fiksa. Ma'aunin zafinmu ɗan yatsa ne. Ka samu jan ƙwai ka kunna ka ga abin da kake yi, shi ke nan.

Malamar Kimiyya:
Baba a gafarce ni, ina ganin jan ƙwan nan na wajen buga hoto a takarda ne. Takarda ba ta ganin jan haske shi ya sa ake kunna shi, amma HP5 yana ganin kowane launi har da ja, in ya kunna jan ƙwai a kansa fim ɗin zai fito baƙi ƙirin. Duhu ake so na gaske, wanda ko tafin hannunka ba ka gani.

Baba Mai Hoto:
'Yata ni da na yi abin da hannuna?

Mai Pentax Kaduna:
Baba ku duka biyun kuna da gaskiya. Masu hoton fasfo na bakin kasuwa da akwatin katako, waɗanda suke zura hannu ta hannun riga, takarda suke sawa a madadin fim, shi ya sa akwatin yake da ɗan jan gilashi na leƙawa. Kuma akwai fim ɗin da ba ya ganin ja, har yanzu Ilford suna yin wani Ortho Plus. Amma na hannun wannan bawan Allah ba irinsa ba ne.

Baba Mai Hoto:
To na tuna, in za mu wanke na biki maigida kashe komai yake yi har ya toshe ƙasan ƙofa da buhu. Tsufa ne. Ɗana bi maganar Malama.

Malamar Kimiyya:
Allah Ya ƙara girma Baba. Ɗan Fagge bari in gaya maka abin da ke faruwa a cikin tankin don in abu ya ɓaci ka san inda ya ɓaci. Fuskar fim jelatin ce, irin danƙon nan da yake daskarewa a farfesun ƙafar saniya in ya kwana, a cikinsa an barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa ƙanana ƙwarai. Da ka danna kyamara haske ya taɓa wasu ƙwayoyin ya yi musu alama amma ido ba ya gani. Dibelofa shi ne yake bin masu alamar yana mayar da su baƙar azurfa, shi ya sa inda farar riga take a nagatif baƙi ne. Fiksa kuma yana narkar da sauran da haske bai taɓa ba ya fitar da su, in ba haka ba kana fito da fim haske zai cinye su su ma. To ka ga shi wannan danƙon ai ka san yadda yake yi in farfesu ya ji wuta, sakewa yake. Nan ne matsalarmu take a ƙasar nan, duk lissafin da ke jikin kwalba a kan ruwa mai digiri 20 aka yi shi.

Ɗan Fagge:
Malama na auna ruwan famfonmu yanzu da la'asar da ma'aunin da ya zo da kayan, 33 ya nuna. Tankin ruwanmu yana kan rufi rana tana dukansa tun safe.

Mai Pentax Kaduna:
33 ai shayi ne wannan. Ga yadda nake yi. Tankin Paterson in fim 120 ne ruwa mil 500 yake ci kafin ya rufe shi, ƙaramin fim mai milimita 35 ne yake cin 290, kar ka rikita su don in ka zuba kaɗan gefe ɗaya zai fito a ƙoshe ɗayan da yunwa. Rodinal, shi ne dibelofarka, kashi 1 cikin ruwa 50, wato ka ja mil 10 da sirinji ka zuba a mil 500. HP5 a haka minti 11 ne a digiri 20. In ka kasa sauko da ruwan zuwa 20 ka tsaya a 24 ka ba shi wajen minti 8, amma kar ka yarda ka hau sama har lokacin ya gaza minti 5, wanki ba ya yin daidai, sai ka ga dabbare-dabbare a sararin sama. Da ka zuba ka yi ta kifa tankin kana miƙarwa a hankali sakan 30, daga nan duk minti ɗaya ka kifa sau huɗu ka ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim. Lokaci ya cika ka zubar, ruwa zalla sau biyu, sai fiksa, in Ilford Rapid ne kashi 1 da ruwa 4, minti 5. Kuma abin da mutane ke mantawa, ba dibelofa kaɗai ake sanyayawa ba, duka ruwan har na ɗauraya su zama kusan zafi ɗaya. In ka fito da shi daga 20 ka watsa masa 33 fuskar fim ɗin za ta yi yamushi kamar fatar kada kuma ba ta gyaruwa.

Na Damagaram:
Sallama daga Zinder. Mu nan zafinmu ya fi naku, ga kuran, wato wutar lantarki, ba ta zama balle a ce firigo. Ni randa ce ta cece ni. Ina cika randar ƙasa da dare in bar ta inda iska ke bi, da asuba in na auna sai in samu 24 ko 25, sai in sayi ƙanƙara ɗaya ta leda in jefa a bokiti, kwalaben magani su zauna ciki har su sauko. Kar a sa ƙanƙara cikin maganin kansa, tsarma shi za ta yi. Kuma shi tankin ma tsakanin kifawa da kifawa a cikin bokitin yake zama don zafin hannu kaɗai yana ɗaga shi. Bayan sallar asuba nake wanki, ban taɓa yi da rana ba.

Baba Mai Hoto:
Randa kam mu ma da ita muka yi. Lokacin azumi in ƙanƙara ta yi tsada maigida cewa yake a bar wanki sai sahur.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. To naɗa fim ɗin a kan kwarkwaron tankin fa, na ga bidiyo amma a haske mutumin ya yi.

Mai Pentax Kaduna:
Nan ne za ka yi kuka, gara in gaya maka. 120 faɗi gare shi kuma laushi, ga takarda a bayansa, a duhu za ka warware har yatsanka ya ji inda fim ya rabu da takarda, a ɗaya ƙarshen kuma an manne su da salatif sai ka ɓare. Kwarkwaron roba in ya ji danshi ko na gumi ne ƙin karɓar fim yake yi, ya cije, kai kuma ka fara tura shi da ƙarfi ya lanƙwashe. Jakar duhun nan ta hannu a garinmu minti uku ta zama gidan wanka, ni na daina amfani da ita. Shiga banɗaki da dare, toshe taga da bargo, ƙasan ƙofa da tawul, bar waya a waje, ka zauna minti 5 ido ya saba, in ka fara hango wani abu to akwai inda haske ke shiga. Wanke hannu da sabulu ka busar sosai. Shawarata ka sadaukar da fim ɗaya cikin biyun da suka rage ka yi ta gwaji da shi a haske, sannan ido rufe, har sau goma.

Ɗan Fagge:
In ɓata sabon fim guda da gangan? Kai Malam ka san nawa ne kuwa.

Sarkin Musu:
Ahaf. An fara.

Na Damagaram:
Tambaya ga Malama tunda ana maganar tsada. Rodinal ɗina ya kusa ƙarewa kuma sai wani zai zo daga Faransa. Na ji ana wanki da kofi.

Malamar Kimiyya:
Ana yi, Caffenol ake ce masa, ɗalibai ne da malaminsu suka fito da shi a wata jami'ar fasaha a Rochester ta Amurka a 1995. A lita ɗaya ta ruwa: sodar wanki giram 54, garin bitamin C giram 16, kofi na gwangwani mai narkewa giram 40, a narkar da su bi da bi a haka, minti 15 a digiri 20. Mai arhar kofin ya fi aiki. Wannan haɗin ya fi dacewa da fim mai ISO 100, wato lambar saurin ɗaukar haske, mai 400 irin HP5 yana yin hazo sai an ƙara masa ɗan sinadarin bromaid. Warinsa kuma sai haƙuri. In ba ka samu sodar wanki ba ka sayi bakin soda ta masu kek ka gasa ta a tukunya busasshiya ko oben, za ta rage wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, abin da ya saura shi ne sodar wankin.

Sarkin Musu:
To me ya hana a sa kanwa kawai, ga ta nan tuli a kasuwa, ai duk soda ce. In za a yi gargajiya a yi ta gaba ɗaya.

Malamar Kimiyya:
Ka san yau ba ka yi nisa da gaskiya ba. Kanwa akwai sodar a cikinta, amma gauraye take da bakin soda da gishiri da ƙasa, kuma ungurnu daban jar kanwa daban, ko dunƙule biyu daga buhu ɗaya ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Za ta iya fito da wani abu amma yau ka samu gobe ka rasa kuma ba za ka san dalili ba. Wanda yake da fim ɗin wasa ya gwada ya ba mu labari.

Na Damagaram:
Ni zan gwada, kanwa ai a ƙofar gidanmu take. Fiksa fa, gishiri yana yi?

Malamar Kimiyya:
Ka bar maganar gishiri, sai fim ya kwana ya wuni a ciki kuma ba tabbas. Haifon da Baba ya ambata shi ne sodiyam tayosalfet, tun 1819 John Herschel ya gano yana narkar da gishirin azurfa, kuma ana samunsa wajen masu sayar da sinadaran makarantu, masu kiwon kifi ma suna kashe kilorin da shi. Kamar giram 250 a lita, minti 10. Dan Allah kuma duk wanda zai yi, safar hannu, kwano da mazurari na wannan aikin daban kar su koma kicin, a rubuta suna a jikin kwalba a ɗaga sama, kar a zuba a gorar lemo yara su ɗauka abin sha ne. Tsohon fiksa azurfa ce narke a cikinsa, kar a zubar kusa da rijiya, a tara a jarka a jefa soson ƙarfe ya kwana biyu azurfar ta kwanta.

Ɗan Fagge:
Jama'a na dawo. Na bi shawarar Mai Pentax na kashe fim ɗaya, raina yana ƙuna amma gaskiya ba don haka ba da ban iya ba, duk da haka sai da na yi kusan minti 20 a duhu gumi har cikin ido. Na wanke da asuba a 22. Da na buɗe tankin na ga rijiyoyin marina da mutum tsugune a bakinsu wallahi ihu na yi har Hajiya ta fito ta ɗauka ɓarawo ne. Amma akwai matsala uku. Tsakiyar fim ɗin akwai wani fari-fari kamar an zuba madara, hoto na uku da na huɗu akwai alama kamar jinjirin wata, sannan da ya bushe duk ɗige-ɗige da ƙura.

Mai Pentax Kaduna:
Barka! Madarar nan fiksa ne bai gama aiki ba, kuma tana gyaruwa, mayar da shi cikin fiksa yanzu ko a haske ne, minti 3 zuwa 5, ka sake ɗauraya. Ka kifa tankin kuwa lokacin fiksa ko ajiyewa ka yi?

Ɗan Fagge:
Ajiyewa na yi na tafi duba ko ƙanƙara ta saura.

Mai Pentax Kaduna:
Shi ne. Nan gaba ka yanki ɗan guntu daga fim ɗin da ka kashe ka jefa a fiksa a haske ka ga minti nawa yake yi ya zama garau, ka ninka biyu, lokacinka ke nan. Jinjirin wata kuma inda ka lanƙwasa ne wajen naɗawa, ya zauna har abada, ka ce ado ne. Ɗauraya ba sai ka saki famfo ba tunda naka shayi ne: cika tanki kifa sau 5 zubar, cika kifa sau 10 zubar, cika kifa sau 20 zubar, hanyar Ilford ce kuma ruwan randa kaɗan ya isa.

Baba Mai Hoto:
A ina ka shanya?

Ɗan Fagge:
A igiyar tsakar gida Baba, don ya yi saurin bushewa.

Baba Mai Hoto:
Innalillahi. Da a shagonmu ne yau da ka sha mari. Jiƙaƙƙen fim kamar danƙo yake, duk ƙurar da ta sauka a kai ta zama tasa. A banɗaki ake ratayewa, ka watsa ruwa a ƙasa da bango tukuna ƙura ta kwanta, ka maƙala abin shanya biyu a ƙasa don kar ya naɗe, ka ja ƙofa, kar a kunna fanka, kar kowa ya shiga awa uku. Kuma ka cire yatsa daga fuskarsa, a gefe ake riƙewa.

Malamar Kimiyya:
Ɗige-ɗigen kuma in ruwan burtsatse ne to gishirin cikinsa ne ya bushe a kai. Ɗaurayar ƙarshe ka yi da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, ka tabbatar ruwan ne ba asid ba, ka ɗiga Photo-Flo, maganin hana ɗigon ruwa zama a fim, in kana da shi, kashi 1 cikin 200.

Sarkin Musu:
To an wanke, an shanya kamar kamfai, yanzu da me za a kalli hoton?

Na Damagaram:
Da wayar taka mana. Ka buɗe farin shafi a wata wayar ka ƙure haske, ka ɗaga fim ɗin ɗan nesa da gilashin kar ɗigon allon ya fito, ka ɗauka, ka juya launi a manhajar Snapseed. Nagatif ɗin Yashica santimita 6 ne kowane gefe, ko da waya yana fita da kyau.

Sarkin Musu:
Kun ga dai ƙarshenta wajena kuka dawo.

Mai Pentax Kaduna:
Ɗan Fagge in ka wanke na ukun ya fito tsaf sai mu yi maganar na Baba. Verichrome Pan baƙi da fari ne na Kodak kuma an san shi da riƙe hoto shekaru da yawa, amma ka sa a ranka ya sha zafin Kano a adaka, hazo dole ne, wataƙila ma lambobin takardar bayan sun fito a jikin hoton. Ina da wani dibelofa, HC-110, ya fi rage hazo, zan aiko maka mil 16 a sirinji ta tasha, ka cika shi zuwa 500, ka sauko da ruwan 18 in za ka iya, minti 6. Zai yi taurin naɗi kamar sifirin, a hankali.

Ɗan Fagge:
Salam jama'a, kwana biyu. Na ukun ya fito ba madara ba wata. Jiya na wanke na Baba, hannuna har rawa yake. Takwas babu komai sai toka. Huɗu sun fito dishi-dishi da lambobi a jiki kamar yadda aka faɗa. Duka huɗun rago ne. Rago ɗaya ɗaure a gindin darbejiya, ta gaba, ta gefe, ta gefe kuma, na ƙarshe ya juya baya. Babu mutum ko ɗaya sai ƙafar wani da silifa a kusurwa. Hajiya ta daɗe tana kallo ta ce gidan hayarmu ne na Gwammaja kafin a haife ni, ta ce ragon ma ta tuna shi don ya taɓa tunkuyinta, ƙafar kuma ta ce ba ta Baba ba ce.

Baba Mai Hoto:
Ai shi yana bayan kyamara. Allah Ya ji ƙansa. Sa a takarda mai tsabta ka ajiye, kar a leda mai laushi, mannewa take.

Sarkin Musu:
Ɗora mu gani. Kai wannan ai balami ne, dubi hancin.

Na Damagaram:
Wane balami, uda ne, ba ka ga gaba baƙi baya fari ba?

Sarkin Musu:
Wannan baƙin hazon fim ne malam.

Mai Pentax Kaduna:
Hazo ba ya tsayawa daidai haƙarƙari a hoto huɗu. Ɗan Fagge sake ɗaukar na biyun ka rage hasken wayar ta baya kaɗan, ƙahon bai fito ba.